OSCAR MICHEAUX: WA YA CE BAI IYA FIM BA?

Mai karatu, akwai wani karatu da wasu 'yan bokonmu masu ji da kansu a fagen sharhin fim suka haddace kamar Fatiha. Da zarar an ɗauko zancen tarihin sinima, sai ka ji sun fara jero sunaye kamar masu jan carbi: Griffith, John Ford, Hitchcock, Orson Welles. Idan kuwa ka kuskura ka jefa sunan Oscar Micheaux a tsakani, to ɗayan biyu ne. Ko dai a yi tsuru-tsuru don ba a taɓa jin sunan ba, ko kuma wani da ya ɗan leƙa intanet ya taɓe baki ya ce maka, "Ai wannan bai iya fim ba, don dai baƙar fata ne ake ambatonsa." To yau da masu wannan magana nake. Ba zan kama sunan kowa ba, amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Sunan nasa a rubuce yana da wuyar sha'ani, amma a baki "Misho" ake cewa, kuma haka zan riƙa rubuta shi don kada harshenka ya harɗe.

An haifi Misho ranar 2 ga Janairu, 1884, a kusa da wani ƙaramin gari mai suna Metropolis a jihar Ilinoyi ta Amurka. Mahaifinsa a cikin bauta aka haife shi. Yaron bai yi wani zurfi a boko ba, bai shiga jami'a ba, balle makarantar koyon fim, wadda a lokacin ma babu ita. Tun yana saurayi ya faɗa birnin Shikago neman na kai. Ya yi leburanci, ya goge wa mutane takalma, daga baya ya samu aiki a taragon kwana na jirgin ƙasa na kamfanin Pullman, inda aikinsa shi ne gyara wa fasinjoji gado da ɗaukar musu kaya. Wannan aiki ya zagaya da shi Amurka, ya ga yadda masu kuɗi ke magana da yadda suke ciniki, ya kuma tara ɗan abin da ya tara.

Da kuɗin ya sayi gona a yankin Gregory na jihar Dakota ta Kudu, a wani fili da gwamnati ta yanka daga ƙasar Rosebud ta jajayen Indiyawa a 1904 ta buɗe wa baƙin haure. (Wannan ma wani zaluncin ne mai zaman kansa, amma ba shi ne a gabanmu ba yau.) Ka dubi hoton da kyau: baƙin mutum ɗaya tilo a tsakiyar Turawa manoma, bai taɓa riƙe garmar doki da sunan tasa ba, ga sanyin da ke daskarar da ruwa a randa. Ya yi noman, har ya fara bunƙasa. A 1910 ya auri 'yar wani fasto daga Shikago. Auren bai yi ƙarko ba. Fari ya zo, bashi ya hau, gona ta tafi, mata ta koma gidansu. A faɗar Misho, surukin nasa ne ya kashe auren ya kuma yi masa ɓarnar dukiya. Ko gaskiya ne ko da ƙari, abin da yake tabbas shi ne bai taɓa yafewa ba, kuma fastoci sun ɗanɗana kuɗarsu a littattafansa da fina-finansa har ya mutu.

Marubuta, ku matso kusa, nan wurinku ne. Da gona ta kuɓuce, sai Misho ya zauna ya rubuta labarin rayuwarsa a matsayin ƙagaggen labari, The Conquest, ya fito a 1913. Bai tsaya jiran wani babban kamfanin ɗab'i na Niyok ya ji tausayinsa ba. Ya ɗauki littafinsa ya bi gida-gida, gona-gona, yana tallarsa ga Turawan da suka yi maƙwabtaka da shi, sannan ya gangara Kudu wurin 'yan'uwansa baƙaƙe. Ya kafa kamfanin kansa na sayar da littattafai, ya fitar da The Forged Note a 1915, sai The Homesteader a 1917. Duk wanda ya san yadda marubutanmu na Kano suka riƙa buga littafi da kuɗin aljihunsu a shekarun 1980 da 1990, su ɗauka da kansu su kai kasuwa, masu digiri na gefe suna yi musu dariya suna kiran abin adabin kasuwa, ai ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kuma kamar yadda Ado Ahmad Gidan Dabino ya ɗauki In Da So Da Ƙauna daga takarda ya mayar da shi fim a 1994, haka Misho ya yi, sai dai shi ya riga da shekara 75.

Yadda abin ya faru kuwa akwai darasi. A 1918 wani kamfanin baƙaƙen fata mai suna Lincoln, na wasu 'yan'uwa biyu, Noble da George Johnson, ya nemi ya sayi The Homesteader ya yi fim da shi. Misho ya ce ya yarda, amma da sharaɗin da shi za a yi aikin, kuma dogon fim za a yi, ba ɗan guntu ba. Suka dube shi suka ga manomin da bai taɓa tsayawa bayan kyamara ba, suka ce a'a. Wani marubucin da sai ya karɓi 'yan kuɗinsa ya koma gefe, in fim ya fito ya zo yana kuka a jarida wai an ɓata masa labari. Sau nawa muka ji irin wannan kukan a nan? Misho bai yi haka ba. Ya koma wurin manoman nan da suka sayi littafinsa, ya sayar musu da hannun jari, ya kafa kamfanin littafi da fim na kansa, ya yi hayar masu kyamara, ya ɗauko wata matashiya Evelyn Preer ya ba ta rol. A Fabrairun 1919 aka nuna The Homesteader a Shikago, naɗi takwas cur, a lokacin da naɗi ɗaya kan ci minti goma zuwa sha biyar. Shi ne dogon fim na farko da aka sani wanda baƙar fata ɗan Amurka ya shirya ya kuma ba da umarni.

Yanzu bari mu je ga gwanin nasu. A 1915 D. W. Griffith ya fitar da The Birth of a Nation, wato haihuwar ƙasa, fim na kusan awa uku da ya ci sama da dala 100,000. Ba na musun gwanintarsa. Ya san inda zai ajiye kyamara, ya san lokacin da zai matso da ita kusa da fuska, ya iya sarƙa sin biyu, ya nuna maka nan ya nuna maka can har zuciyarka ta riƙa bugawa. To amma me ya yi da gwanintar? Ya ɗauko littafin wani mai suna Thomas Dixon, ya sa Turawa suka shafa baƙi a fuska suka fito a matsayin baƙaƙe, ya nuna baƙin mutum a matsayin dabbar da ba ta da buri sai farar mace. A ciki wata yarinya Baturiya ta faɗo daga kan dutse don gudun wani baƙin soja, 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan suka kama shi suka kashe, kuma fim ɗin ya nuna hakan a matsayin adalci. A ƙarshe ga su nan bisa dawaki cikin fararen mayafai, su ne jaruman da suka ceci gari, su ne kuma suka tsaya da bindiga ranar zaɓe suka hana baƙaƙe fitowa. An nuna wannan fim a fadar White House a zamanin shugaba Woodrow Wilson. A cikin shekarar, ƙungiyar Klan da ta daɗe da mutuwa ta sake farfaɗowa a kan dutsen Stone Mountain na jihar Jojiya, kafin tsakiyar shekarun 1920 'ya'yanta sun kai miliyoyi, kuma shekara da shekaru da wannan fim suke jan sababbin mabiya. Kyan ɗan maciji ke nan. Amma shi ne aka yi ta koya wa ɗalibai a matsayin uban sinima, shi ne 'yan bokonmu ke ambata da ladabi kamar sun ambaci wani waliyyi.

To ka saurari abin da manomin da "bai iya fim ba" ya yi. A watan Yulin 1919 rikicin launin fata ya ɓarke a Shikago, mutum 38 suka mutu, 23 daga ciki baƙaƙe. A wannan shekara kaɗai, sama da baƙaƙe 70 ne gungun Turawa suka kashe ba tare da shari'a ba, wasu a rataye, wasu a ƙone. Jinin bai gama bushewa ba Misho ya gama fim ɗinsa na biyu, Within Our Gates, ya kai wa hukumar tace fina-finai ta birnin. Hukumar ta ƙi da farko. Manyan gari, har da wasu shugabannin baƙaƙe, suka ce nuna shi zai sake tayar da fitina. Sai da aka kai ruwa rana kafin a sake shi a Janairun 1920, wasu garuruwan Kudu kuwa ko ƙofa ba su bari ya shiga ba.

Labarin wata malamar makaranta ce, Sylvia, wadda Evelyn Preer ta fito a matsayinta. Makarantar 'ya'yan talakawa baƙaƙe da take koyarwa a Kudu za ta rufe don rashin kuɗi, sai ta tafi birnin Bostan neman taimako. Akwai soyayya a ciki, akwai kishi, akwai ɗan caca, duk irin kayan da mai sayen tikiti ke so. Amma wajen ƙarshe sai fim ɗin ya koma baya ya buɗe mana asalin Sylvia, kuma a nan ne nake so duk mai gardama ya zauna ya kalla da idonsa.

Wanda ya riƙe ta, Jasper Landry, manomi ne da ke noma gonar wani attajirin Bature mai suna Gridlestone a raba amfani. Shekara da shekaru ana cutarsa a lissafi don bai iya karatu ba. Da Sylvia ta yi makaranta, sai ta zauna ta yi masa lissafin daidai. Ka lura da wannan, mai karatu: abin da ya jawo musibar ba sata ba ce, ba fyaɗe ba ne kamar yadda Griffith ya ce, lissafi ne. Jasper ya je wurin maigidan da takardarsa. Suna cikin sa-in-sa, wani Bature da shi ma attajirin ya taɓa cuta ya harbe shi ta taga. Baran gidan, wani baƙi mai suna Efrem, ɗan gulma mai neman fada, ya ruga cikin gari yana shelar Jasper ne ya yi kisan. Gari ya fito farauta. Kuma Misho bai nuna maka wasu 'yan daba masu rufe fuska ba. Ya nuna maka mutanen gari sak, maza da mata da ƙananan yara, sun fito kamar masu zuwa kallon hawan sallah. Da aka daɗe ba a kamo Jasper ba, taron ya gaji da jira, sai idanu suka juyo kan Efrem da ke tsakiyarsu yana washe baki yana jin shi ɗan gida ne. Shi aka fara ratayewa. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Daga nan aka kamo Jasper da matarsa, aka rataye su, aka hura wuta. A daidai wannan lokaci, ɗan'uwan attajirin, wani dattijon Bature, ya ritsa Sylvia a ɗaki zai yi mata fyaɗe. Sai Misho ya riƙa yanka hoton: ga wutar, ga ɗakin, ga igiyar, ga yarinyar tana kokawa tana jifa da abin da hannunta ya kai. Wannan ita ce dabarar da ake yi wa Griffith kirari a kanta, sarƙa sin biyu don tayar da hankalin mai kallo. Misho ya karɓe ta daga hannunsa ya juya masa ita. A wurin Griffith, ana yanka hoto tsakanin farar mace cikin haɗari da mahayan Klan masu zuwa ceto. A wurin Misho babu mai zuwa ceto, don masu ceton su ne suke can suna hura wuta. Abin da ya tsayar da dattijon shi ne wani tabo da ya gani a ƙirjinta lokacin da ya yage mata riga. Tabon ya shaida masa cewa 'yar cikinsa ce, wadda ya haifa da wata baƙar mace. A cikin minti kaɗan, ba tare da kalma ɗaya ta fito daga bakin kowa ba, fim ɗin ya amsa tambayar da duk Amurka ke kauce wa: idan baƙi ne ke bin farar mace, to su waɗannan miliyoyin masu hasken fata daga ina suka fito?

Don Allah, wanda ya tsara wannan ne bai iya fim ba? Haba!

Na san abin da za su ce. Za su ce to ai ka zaɓi mafi kyawun ne, je ka kalli waɗanda ya yi bayan zuwan sauti. Na kalla, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, akwai abin dariya a ciki. Za ka ga ɗan wasa ya yi tuntuɓen harshe ya gyara, an bar shi a haka. Za ka ga haske ya yi yawa a nan ya yi kaɗan a can. A wani wurin ma kana iya jiyo murya daga bayan kyamara ana ba ɗan wasa umarni. Ana tsakiyar labari sai a tsaya cak a shiga gidan rawa, a yi ta kiɗa da tsalle na minti da yawa ba gaira ba dalili, don mai gidan sinima ya ce abin da ke kawo jama'a ke nan. (Wannan dai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ko ba haka ba?) Har wani mai sharhi na Amurka, J. Hoberman, ya sa shi a wata maƙala da ya rubuta a 1980 kan munanan fina-finai, duk da shi cikin sha'awa ya yi maganar.

Amma kafin ka yanke hukunci ka tambayi yadda aka yi aikin. Fim ɗin Misho bai cika wuce dala 10,000 zuwa 15,000 ba, kuɗin da a Holiwud ba zai ishi kayan sawar jaruma ɗaya a babban fim ba. Ba zamanin dijital ba ne da za ka ɗauki sin sau ashirin ka goge. Kowane taku na fim kuɗi ne, saboda haka sau ɗaya ake ɗauka, in an yi kuskure a wuce. Ba shi da situdiyo, gidajen abokai ne lokeshin. Babu bankin da zai ba baƙi rance ya yi fim, babu kamfanin rarrabawa da zai karɓa. Shi ne marubuci, shi ne furodusa, shi ne darakta, shi ne ɗan talla. In ya gama sai ya zuba gwangwanayen fim a mota ya bi gari-gari, yana shiga gidajen sinimar unguwannin baƙaƙe, da na Turawan da ke ware wa baƙaƙe tsakar dare kawai. Yana nuna wannan, yana nuna wa mai sinima hotunan 'yan wasan fim na gaba, ya karɓi kafin alƙalami ya je ya fara ɗauka. Har laƙabi yake ƙirƙira wa taurarinsa don su shiga kunne, kamar Lorenzo Tucker da ya riƙa tallatawa a matsayin Valentino na baƙaƙe. A haka ya yi fim sama da 40 cikin shekara 30. Kamfanonin baƙaƙe da suka taso tare da shi, har da Lincoln ɗin da ya raina shi, duk sun mutu tun kafin zuwan sauti ko jim kaɗan bayansa. Shi ma ya karye a 1928, amma ya tashi, ya nemo jari wurin Turawa masu gidajen wasa na unguwar Harlem, ya fito da The Exile a 1931, dogon fim mai magana na farko daga hannun darakta baƙar fata.

Sannan ga almakashi. A Amurkar wancan lokaci jihohi da birane da dama kowa da hukumar tacewarsa, kuma kowa da abin da ke ba shi haushi. Kwafin da aka yanke a Shikago shi za a kai wani gari a ƙara yankewa, a haka har ya tsufa. Ɗauki Body and Soul na 1925, fim na farko da shahararren mawaƙi kuma ɗan wasa Paul Robeson ya taɓa fitowa a ciki. Robeson ya fito a rol biyu: wani tsararren fursuna da ya rikiɗe ya zama fasto, yana shan giya a kan mumbari da sunan ruwa, yana cinye kuɗin tsofaffin mata, ya lalata 'yar wata baiwar Allah mai wanki da guga da ta ɗauke shi waliyyi, sai kuma ɗan'uwansa mutumin kirki. Hukumar tacewa ta Niyok ta ce fim ɗin rashin tarbiyya ne da cin zarafin addini, ta hana shi lasisi. Sai da Misho ya zabtare shi daga naɗi tara zuwa biyar kafin a bari. A jihar Bajiniya kuma, fim ɗin da ya yi daga littafin Charles Chesnutt, The House Behind the Cedars, ya gamu da fushin hukuma don ya taɓo zancen aure tsakanin fari da baƙi. To in ka ga labari ya yi tsalle a fim ɗin Misho, wa za ka tuhuma, shi ko mai almakashi? Ka yanke wa mutum ƙafa sannan ka zo kana yi masa dariyar ɗingishi.

Kada kuma a ce na mayar da shi mala'ika. Mutum ne mai riƙo, mai taurin kai, kuma labari ɗaya ya yi ta maimaitawa har ya gundura: baƙin manomi a Dakota ya so wata da ya zaci Baturiya ce, ya haƙura ya auri 'yar fasto, fasto ya ruguza shi, a ƙarshe aka gano waccan ɗin ma tana da jinin baƙaƙe. Ya yi shi a littafi, ya yi shi a fim marar sauti, ya sake yi a mai sauti, ya kuma rufe rayuwarsa da shi. Yawancin jarumansa masu hasken fata ne, kuma an daɗe ana zarginsa da fifita su. A 1938 har zanga-zanga aka yi a ƙofar wata sinima a Harlem kan fim ɗinsa God's Step Children, aka ce ya ci mutuncin baƙaƙe. Wasu daga cikin waɗannan zarge-zarge suna da tushe. Amma wani ɓangaren fushin na daban ne. Mutanensa sun so ya riƙa nuna su fes-fes, kowa likita ko lauya, shi kuwa ya nace sai ya nuna ɗan caca da mashayi da malamin ƙarya da ɗan gulma irin Efrem. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Mu ma nan mun san wannan ciwon: a yi abu a unguwa kowa ya yi shiru, ranar da aka nuna shi a fim sai a ce 'yan fim sun ɓata tarbiyya.

Sai dai ina da kashedi ga 'yan industirinmu, don na san wani zai karanta wannan ya ce alhamdu lillahi, an samo mana hujja, mu ma rashin kuɗi ne. A'a, malam, dakata. Misho ya yi fim cikin talauci, amma yana da abin faɗa, abin da in bai faɗa ba babu mai faɗa, kuma ya san faɗarsa na iya jawo masa asara ko abin da ya fi asara. Ya koma kan shari'ar Leo Frank ta 1913, inda aka nemi a ɗora wa baƙin ma'aikaci kisan wata yarinya a masana'anta, ya yi fim a kanta har sau biyu. Ya yi The Symbol of the Unconquered a 1920 ya nuna 'yan Klan a matsayin ɓarayin fili masu fakewa da farin mayafi. Kai da wayar da ke aljihunka ta fi duk kyamarar da Misho ya taɓa gani, kana da damar ɗaukar sin sau hamsin kyauta, amma ka kwafo labarin Indiya ka canza sunaye, ka ja shi zango goma a YouTube, ba ka da hurumin fakewa da shi. Kurakuransa na rashin kuɗi ne. Naka na rashin tunani ne.

Abin da ya fi ci mini rai a tarihin mutumin nan ba zagin da aka yi masa ba ne. Fina-finan da ake yanke masa hukunci a kansu, yawancinsu babu wanda ke raye da ya taɓa ganinsu. Daga cikin sama da 20 da ya yi marasa sauti, uku kacal suka rage. The Homesteader ya ɓace. Fim ɗin wancan zamani da wani sinadari ake yin sa mai saurin kamawa da wuta, in an ajiye shi kuma ya narke ya zama gari. Wani bincike da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finan Amurka marasa sauti sun salwanta. In haka ta faru da na manyan kamfanoni masu rumbun ajiya, ina ga na mutumin da ofishinsa bayan mota ne?

Shi kansa Within Our Gates da na ba ka labari, shekaru da dama an ɗauka ya tafi. A ma'ajiyar fina-finai ta ƙasar Sifen aka tsinci kwafi ɗaya tal a shekarun 1970, an canza masa suna zuwa La Negra, rubutun da ke fitowa a allo tsakanin sin da sin duk an mayar da shi Sifaniyanci. Da za a gyara shi a 1993, sai da aka sake fassara rubutun daga Sifaniyanci zuwa Ingilishi, wani guntun da ya ɓace a tsakiya kuma da rubutu aka cike gurbinsa. The Symbol of the Unconquered kuwa a Beljiyam aka same shi, kuma ka san wane ɓangare ne babu? Daidai wurin da aka fatattaki 'yan Klan. Wato fim ɗin da ya ɗaukaka su yana nan garau, an adana shi kamar ƙwai, amma 'yan mintunan da baƙi ya nuna an ci su da yaƙi sun bi iska.

Kada ka ce wannan matsalar Amurka ce. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, shekaru aka yi ana jin sunansa ba a ganinsa, sai a 2016 aka gano asalin naɗinsa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wata cibiya a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Wannan fa fim ne da gwamnati ta sa hannu a ciki. To ina ga ɗaruruwan da aka zuba a kaset ɗin bidiyo tun daga Turmin Danya na 1990? Ka je ka sami furodusan da ya yi tashe a 1999 ko 2003, ka ce ya ɗauko maka mastan fim ɗin da ya saya masa mota da gida, ka ga irin kallon da zai yi maka. Kaset na cin danshi, faifan CD na karcewa, tashar YouTube kuwa ranar da aka rufe ta shi ke nan.

Misho ya bar fim a 1940 ya koma rubutu, ya fitar da ƙarin littattafai huɗu, ya sake bin hanya yana tallarsu. Kuɗin da ya tara ya zuba su kaf a fim ɗinsa na ƙarshe, The Betrayal, na 1948, mai tsawon sama da awa uku. Jaridun Niyok suka yi masa kaca-kaca, bai yi kasuwa ba, shi ma yanzu babu shi. Ranar 25 ga Maris, 1951, ya rasu a garin Charlotte na Karolina ta Arewa, yana kan tafiyar kasuwanci, yana da shekara 67. Aka kai shi Great Bend ta jihar Kansas aka binne, kabarin ya yi shekaru da dama ko alamar suna babu.

Sai da ƙasa ta rufe ido sannan aka farga. Ƙungiyar Daraktocin Amurka ta ba shi lambar girma a 1986, aka sa masa tauraro a titin taurarin Holiwud a 1987, hotonsa ya hau kan sarki a 2010. A 1992 aka shigar da Within Our Gates cikin kundin fina-finan da Amurka ta ce dole a adana, a shekara ɗaya da fim ɗin Griffith. A 1999 kuma ita wannan ƙungiya ta daraktoci ta cire sunan Griffith daga babbar lambarta, wadda take bayarwa da sunansa tun 1953. Su can masu abin sun sake lale. Saura 'yan bokonmu da har yau suke jan tsohon carbi.

Within Our Gates yana nan kyauta a intanet, minti 79 ne, bai kai rabin fim ɗin Indiya ba. Ka sa data ka kalla, ka daure da dishi-dishin hoton har ka kai wurin lissafin Jasper Landry. In ka gama kana nan a kan bakanka cewa mutumin nan bai iya fim ba, filin wasiƙu a buɗe yake, ka rubuto da cikakken sunanka.